Tafasasshen Mai Ya Zubo Mini a Hannu Ina Suya, Me Ya Kamata In Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Jiya da yamma ina suyar awara kasko ya goce, mai ya zubo mini a bayan hannun dama har kan yatsu uku. Maƙwabta suka fasa ɗanyen ƙwai suka shafa mini, wata ta ƙara da man goge baki. Yau wurin ya ɗuri ruwa, hannun ya kumbura, zobena ya ƙi fita. In fasa bororon ne ko in bar shi? Wane magani zan saya a kemis? In kuma haka ta sake faruwa, me ake fara yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Zoben nan shi ne abin da ya fi gaggawa a duk tambayarki. Kumburin ƙuna yakan ci gaba da ƙaruwa har kwana ɗaya zuwa biyu, zobe kuwa ba ya buɗewa, don haka yana iya shaƙe jinin da ke zuwa kan yatsan. Ki ɗaga hannun sama da kanki na minti goma zuwa sha biyar. In fatar da ke ƙarƙashin zoben da ta gabansa ba ta ƙone ba, ki sa ruwan sabulu ki murza shi a hankali. In ƙunar ta taɓa yatsan, kada ki ja, za ki saɓule fatar ne. A yanke zoben kawai, ko na zinari ne. Maƙerin zinari zai haɗa shi daga baya. Idan kan yatsan ya yi sanyi, ko ya fara duhu, ko kina jinsa kamar ba naki ba, to ba a jiran gobe.

Ko da zoben ya fita, ki je asibiti yau ko gobe a duba hannun. Ƙunar da ta ɗuri ruwa a bayan hannu, ta kuma hau kan gaɓoɓin yatsu, ba ta kemis ba ce. Ki tsunkuli fatar bayan hannunki mai lafiya ki ji yadda take da siriri. A ƙarƙashinta kai tsaye jijiyoyin da ke miƙe yatsu suke, babu wani kitse mai kauri da ya kare su. Ƙunar da za ta warke a cinya ta bar tabo kawai, a nan tana iya warkewa ta ja fatar ta tattare, yatsu su kasa dunƙulewa ko su kasa miƙewa. Shi ya sa likitocin ƙuna ke sa hannu cikin wuraren da ba a raina ƙunarsu komai ƙanƙantarta, tare da fuska da ƙafa da al'aura da kan gaɓoɓi.

Game da abin da ake fara yi, amsar ruwa ce: ruwa mai sanyi irin na famfo ko na randa, yana gudu a kan wurin har minti 20 cur, a duba agogo. Yawancin mutane sukan tara hannu a famfo na minti ɗaya ko biyu su ce sun sa ruwa. Wannan bai isa ba. Ruwa na tafasa a digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, man suya kuwa yakan kai digiri 170 zuwa 190, ga shi da danƙo, yana manne wa fata. Haka talgen tuwo da kunu da koko da narkakken sukari na alewa: suna lafewa a jiki suna ci gaba da dafa nama. Ko bayan an goge su, zafin da ya riga ya shiga ciki yana nan yana aiki.

Wani likitan Ingila mai suna Douglas Jackson ya bayyana a 1953 cewa ƙuna tana da da'ira uku. A tsakiya akwai naman da ya riga ya mutu, babu abin da zai dawo da shi. A can gefe akwai wurin da ya yi ja kawai, wanda zai warke da kansa. Tsakaninsu akwai naman da ke tsakanin rai da mutuwa, jini na tafiya a cikinsa da ƙyar. A kan wannan na tsakiyar ake kokawa. In an sanyaya shi da wuri yakan farfaɗo. In an bar shi da zafi, ko ya bushe, ko kumburi ya matse shi, ko ƙwayoyin cuta suka shiga, sai ya mutu cikin kwana biyu zuwa uku, ƙunar da ta fara a sama ta koma mai zurfi. Ruwan yana da amfani har cikin awa uku na farko, saboda haka wanda bai samu ruwa nan take ba kada ya ce lokaci ya wuce. Naki ya wuce awa ukun, tara hannu a ruwa yanzu zai rage miki raɗaɗi ne kawai.

Inda babu famfo, a sa hannun a kan roba, wani ya riƙa tsiyayo ruwa da buta ko moɗa a hankali. In ruwan ya yi ƙaranci, a tsoma hannun cikin bokiti, ana motsa shi, ana sauya ruwan da zarar ya fara ɗumi. Ruwan leda ma ya yi, muddin ba daskararre ba ne. Ƙanƙara da ruwan da ya fito daga firiza suna tsuke ƙananan hanyoyin jini, su hana wancan naman na tsakiya ɗan jinin da ya rage masa, don haka a nisance su duk da daɗin da suke yi a lokacin. Tun ana zuba ruwan ake cire zobe da awarwaro da agogo, kafin kumburi ya zo. Hannun riga da ya jiƙe da mai ko ruwan zafi a cire shi, amma in ya manne da fata a yanke kewayensa da almakashi a bar abin da ya manne. Idan yaro ne ƙarami, musamman da hunturu, a lulluɓe sauran jikinsa ana sanyaya wurin ƙunar kaɗai, domin jikin yara na saurin yin sanyi fiye da kima.

Bayan minti 20, a rufe wurin da abu mai tsabta wanda ba ya mannewa. Siririyar ledar nan ta rufe abinci ta fi komai: a yar da zagaye biyu na farko, a shimfiɗa ta a kai, kada a naɗe ta tamau. Ga hannu, sabuwar farar leda da ba a taɓa sa komai a ciki ba ta wadatar, a zura hannun a ɗaure bakin sako-sako a wuyan hannu. Tana hana iska taɓa wurin, wanda shi ke rage zogi sosai, kuma likita na iya gani ba sai ya ɓanɓare komai ba. Auduga kuwa kada ta kusanci ƙuna. Zarenta na shiga cikin ciwon, cire shi azaba ce.

Maƙwabtanki da kyakkyawar niyya suka yi, amma ƙwai da man goge baki ba su da gurbi a nan. Ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, kuma in ya bushe yakan zama ɓawo a kan ciwon. Man goge baki sanyin ƙarya yake bayarwa: sinadarin na'ana'a da ke ciki ne ke sa a ji sanyi, zafin cikin nama yana nan, ga shi kuma yana cin ɗanyen ciwo. Manja da man gyaɗa da man shanu da baƙin man inji suna rufe zafin ne a ciki kamar an kifa murfi a tukunya. Gishiri da kanwa da toka da ƙullun kamu da kashin shanu duk suna ƙara ɓarna, na ƙarshen ma hanya ce ta kamuwa da tetanus, cutar da ke sandarar da jiki da muƙamuƙi. Lalle da shuɗin maganin nan da ake kira jibi suna rina wurin, likita ya kasa gane zurfin ƙunar, alhali da launi ake ganewa. Zuma tana da nata matsayi, domin akwai zumar da aka tace aka tanada don ciwo, ana kuma amfani da ita a ƙunar da ba ta yi zurfi ba. Sai dai ba ita ce matakin farko ba, ba ta maye gurbin ruwa, kuma zumar kasuwa da ba a san abin da aka gauraya mata ba bai kamata ta hau buɗaɗɗen ciwo ba. Yanzu ki wanke ƙwan da man goge bakin da ruwan da aka tafasa ya huce da sabulu marar ƙamshi, a hankali, ba tare da dirzawa ba.

Zurfin ƙuna shi ke faɗin yadda za ta ƙare. Wadda ta tsaya a saman fata tana yin ja da zafi, ba ta ɗurar ruwa, takan warke cikin mako guda ba tabo. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ɗan yi duhu ko sheƙi. Wadda ta ɗan shiga ciki ita ce mai bororo. In fatar ta saɓule za a ga ƙasan jajir, da danshi, da zafi mai tsanani, in an danna ya yi fari sannan jan ya dawo nan da nan. Irin wannan takan warke cikin kwana 10 zuwa 14 in an kula da ita. Wadda ta fi ta zurfi ƙasanta dabbare-dabbare ne, ja da fari, danshinta kaɗan, zafinta ma kaɗan, tana wuce mako uku ba ta rufe ba. Ta ƙarshe ta cinye fatar gaba ɗaya: wurin fari fat kamar kakin kyandir, ko ruwan ƙasa, ko baƙi, a bushe kamar ƙirgi, ko an taɓa ba a ji. Mutane da yawa sukan ce Alhamdulillahi ba ya ciwo, su zauna a gida, alhali rashin ciwon alama ce ta cewa jijiyoyin ji sun ƙone. Wannan ba ta warkewa da kyau sai da dashen fata. Ƙunar mai ta saba yaudara, ranar farko ta yi kamar ta sama ce, rana ta uku a ga ta yi zurfi, shi ya sa ake sake dubawa bayan awa 48 zuwa 72.

Bororon kada ki fasa shi da allura ko reza ko ƙaya. Fatar da ta rufe shi bandeji ce da babu ƙwayar cuta a ƙarƙashinta. Ƙanana a bar su. Manya, da waɗanda suka hau kan gaɓa suna hana lanƙwasa yatsa, ma'aikacin lafiya ne zai buɗe su da kayan da aka tsabtace, ya yanke matacciyar fatar, ya ga abin da ke ƙasa. Wanda ya fashe da kansa ma a yanke ragowar fatar, don a ƙarƙashinta mugunya ke taruwa.

Yadda ake ɗaure ƙunar hannu yana da ƙa'ida, kuma ya kamata ki sani ko da wani ne zai yi miki. Ana wanke wurin da ruwan gishirin asibiti, irin na ƙarin ruwa, ko tafasasshen ruwan da ya huce. Ba a zuba sifirit ko haidurojin, suna kashe sabuwar fatar da ke tsirowa. Sai a shimfiɗa gos, wato ƙyallen asibiti mai raga-raga, mai maiƙo wanda ba ya mannewa, irin su Jelonet ko Sofra-Tulle, a ɗora busasshen gos a kai don ya tsotse ruwa, a naɗe da bandeji ba tamau ba. Kowane yatsa ana naɗe shi shi kaɗai. In aka haɗa ƙonannun yatsu biyu a ɗauri ɗaya suna iya warkewa a manne da juna. A bar kan yatsu a waje don a riƙa ganin launinsu. Ana sauya ɗaurin farko bayan kwana biyu, daga nan duk kwana biyu ko uku, ko da zarar ya jiƙe. In ya manne a jiƙa shi da ruwa har ya saki, kada a fizge.

Man ƙunar da aka fi sayarwa a kemis shi ne mai sinadarin azurfa, wanda aka fi sani da Dermazin. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma a ƙunar da ba ta yi zurfi ba yana iya jinkirta warkewa, yana kuma barin wani farin ɓawo a kan ciwon da ke rikitar da mai dubawa, sannan dole a wanke a sake shi kullum. Ba a ba mai cikin da ta kusa haihuwa, ko jaririn da bai kai wata biyu ba, ko wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan salfa irin su Septrin. Ki bari likita ya ce a sa. Al'adar buɗe kafso a barbaɗa garin a kan ciwo kuwa a daina ta, haka shan Ampiclox don riga-kafi. Sabuwar ƙuna mai tsabta ba ta bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha, shansa ba dalili yana koya wa ƙwayoyin jure magani ne kawai.

Abin da za ki saya da kanki shi ne maganin ciwo. Babba na shan farasitamol giram ɗaya, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Ana iya haɗawa da ibufurofen miligiram 400 duk awa takwas bayan cin abinci, in ba ki da olsa ko ciwon ƙoda, kuma ba ki da juna biyu. Yara ana auna musu farasitamol da nauyinsu, miligiram 15 ga kowane kilo, kuma ba a ba su asfirin. Ki sha maganin rabin awa kafin wankin ciwo. A asibiti ki tambayi allurar tetanus, musamman in an fi shekara biyar rabonki da ita, tunda an shafa wa ciwon abubuwan da ba su da tsabta.

Abu biyu ne suka rage a hannunki, kuma su ake yawan sakaci da su: ɗagawa da motsawa. Kwana uku na farko hannun ya kasance sama da ƙirjinki, a kan filo biyu in kin kwanta, a rataye da ɗankwali zuwa kafaɗa in kina tafiya. Hannun da aka bari yana lilo yana cika da ruwa, ruwan nan kuma shi ke daskarar da gaɓoɓi. Motsawa tun ranar farko ake farawa, da bandejin a jiki: ki dunƙule hannun iyakar iyawarki, ki buɗe shi sarai, ki ware yatsu, ki taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa. Sau goma-goma, duk awa ɗaya ko biyu in kina farke. Zai yi zafi, fatar za ta ja, amma ba zai hana ciwon warkewa ba. Ki riƙa ƙananan ayyuka da shi, kamar riƙe cokali. Ƙonannen hannu in an ƙyale shi yakan nemi yanayin da ya fi masa daɗi, wuyan hannu a lanƙwashe, yatsu a tanƙware kamar ƙafar kaza, kuma a haka yake ƙagewa. Saboda haka a ƙuna mai zurfi masu gashin ƙashi ke ɗaura wa hannu katako ko filasta da dare: wuyan hannu a ɗan ɗage, gaɓoɓin gindin yatsu a lanƙwashe, yatsun kansu a miƙe, babban yatsa a ware.

Wanki da wanke-wanke da suya ki ba wani har ciwon ya rufe. Batun alwala, malamai sun yi bayanin halaccin shafa a kan bandeji ga mai rauni, don haka ba sai kin kwance ɗaurin sau biyar a yini ba. Ki ci abinci mai gina jiki, wake da ƙwai da kifi da nama da madara. A ciki ƙwai yake wa ƙuna amfani.

Ki koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba idan zafin yana ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa, ko kumburi da ja suna haurawa dantse, ko mugunya da wari sun fito, ko bandejin ya yi kore, ko zazzaɓi ya zo, ko kaluluwa ta fito a hammata. Ƙunar da ta zagaye yatsa ko wuyan hannu gaba ɗaya ta gaggawa ce tun farko, domin ƙonanniyar fata ba ta talewa, tana iya shaƙe jini kamar zoben nan. Haka ƙunar lantarki, irin ta hitar dafa ruwa, wadda bakinta ƙarami ne amma ɓarnarta na ciki, da ƙunar sodar yin sabulu, wadda ake kaɗe garinta tukuna sannan a yi ta zuba ruwa fiye da minti 20. Mai ciwon suga, da mai sikila, da tsoho, da mai ciki, da ƙaramin yaro, duk a kai su ko ƙunar ba ta da yawa. Yaron da ya ƙone, bayan kwana biyu zuwa huɗu ya fara zazzaɓi da amai ko gudawa ko ƙuraje ko yawan barci, a garzaya da shi a daren. Guba ce daga ƙwayoyin cuta ke iya shiga jininsa ko da ƙunar ba ta fi kwabo ba. Ana auna faɗin ƙuna da tafin hannun mai ƙunar haɗe da yatsunsa, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na fatar jikinsa.

Ki riƙe lissafin kwana 14. In ranar ta cika akwai sauran wurin da bai rufe ba, ki nemi a tura ki wurin likitan tiyatar gyaran fata. Ana samunsu a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri. Ciwon da ya haura mako uku kafin ya rufe shi ne ke yin tabo mai tudu da tauri, baƙar fata kuma ta fi saurin yin irinsa. Mutane na tsoron dashen fata, suna ganin ƙarin ciwo ne, amma yin sa da wuri ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tiyatar warware yatsun da suka shekara a ƙage.

Bayan ya rufe, sabuwar fatar za ta fito fara ko ja-ja, siririya, mai ƙaiƙayi. Launin yakan dawo a hankali cikin watanni, wani lokaci ya fi na da duhu. A nan ne man kaɗe ko basilin ke da amfani: ki shafa sau biyu ko uku a yini, kina murza tabon da ɗan ƙarfi na minti biyar. Ki kare shi daga rana har shekara guda, kada kuma ki sa masa man bilicin don daidaita launi, yana ƙara sirantar da fatar. In tabon ya fara tudu akwai man silikon da safar hannu mai matsewa da ake bayarwa a asibiti. Motsa yatsun ya ci gaba har watanni, domin tabo yakan yi shekara ko fiye yana ja kafin ya nuna.

Ranar da za ki koma suya, kaskon ya zauna daram a kan murhu ko kurfoti, mariƙinsa ya juya ciki, man kada ya wuce rabi. Ki tsane awara ko kifi ko dankali kafin ki saka, domin ruwa ne ke sa mai fallatsa, kuma ki zura su daga gefen kasko suna kallon gaba, ba ki jefa daga sama ba. In mai ya kama da wuta, ki kashe gas ko risho, ki kifa murfi ko faranti na ƙarfe ki bar shi ya huce a wurin. Kada a watsa masa ruwa, kada kuma a ɗauki kaskon a nufi waje da shi. Munanan ƙunar hannu da yawa a wannan ɗaukar ake samunsu. Wanda ke da farfaɗiya kada a bar shi shi kaɗai a gaban wuta. Sannan ki ajiye cikakken bokitin ruwa mai tsabta da buta kusa da inda kike suya, nesa da hannun yara, tun kafin ki kunna wuta.